Fiton Turbo da Taɓaryata

Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidanmu da garejin maigidana a Gummi, katangar laka wadda tsawonta bai fi mutum ya ɗaga hannu ba. Shekara ashirin da wani abu ina wannan gefe, shi yana wancan. A tsawon shekarun nan ban taɓa leƙa cikin injin mota ba, amma babu motar da za ta kwana biyu a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidanmu ban san muryarta ba. Ina tankaɗe ina ji, ina wanki ina ji, ina shayar da yaro ina ji. Wata tari take yi irin na tsoho, wata magana take yi ƙasa-ƙasa, wata kuwa da an tashe ta sai kajina su watse.

Maigidana bakaniken motoci masu shan gas ne, kuma abin da aka san shi da shi tun daga Anka har Bukkuyum shi ne famfon injekta, ƙarfen nan da ke auna wa inji mai yana ba shi. Ba shi da na'urar gwaji irin ta manyan birane. Kunne gare shi, da sukudireba guda mai jan mariƙi wadda ba ya ara wa kowa. Direbobi kan ce yana jin ciwon mota tun tana kwanar masallaci. Shi ma ya san ana faɗin haka, kuma ba zan rufa masa asiri ba, yana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata ga mai furfura.

A shekarun da aka yi rububin zinariya a ƙauyukan Anka ne a-kori-kura 'yan Kwatano suka cika mana gari. Wata rana da hantsi ina shanya barkono sai na ji wani siririn fito ya taso daga bayan katanga, ya yi sama a hankali, ya tsaya can yana rawa, sannan ya sauko ya ɓace. Na ɗaga kai ina duba rassan dogonyaro. Na daɗe a tsaye da faifai a hannu, ban ga komai ba sai ganye. Da ya shigo cin abinci na tambaye shi wane irin tsuntsu ne ya sauka mana yau. Dariya ya yi har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

"Ba tsuntsu na ba, turbo na," ya ce. "Ke da ka hura wuta kullum, in kin cika ma murhu icce ba iska, mi ka hwaruwa?"

Na ce hayaƙi.

"To shi ke nan, kin gama karatu. Mai icce na, turbo mahuci na. Hayaƙin da mota ta hitar shi ka juya shi, shi kau shi tura iska cikin inji. Sai iska ta iso sannan a ƙara mai. In mai ya riga iska, baƙin hayaƙi da zahi. In iska ta iso ba mai, mota ta yi ta nishi ba ƙarhi. Aikina duka shi na in sa su iso tare. Hiton nan da kij ji, shi ka gaya min iska ta zo."

Na ce na gane, kuma na gane ɗin. Amma a zuciyata tsuntsun bai tashi ba. Na ajiye shi yadda na fara ganinsa, ɗan fari ƙarami, a cikin kejin ƙarfe, yana jiran a taka totur ya buɗe baki. Da bazara, idan rana ta take, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi, nakan shimfiɗa tabarma a inuwar katanga in kishingiɗa. Ba barci ba, ba ido biyu ba. Sai fiton ya taso ya haye katanga ya ɗauke ni. Na je Adabka a haka ban san adadi ba, na ƙetare gulbi, na bi ta cikin gonakin dawa, na ga mata a bakin rijiyoyin da ban taɓa sha ba. Ni da tafiyata ba ta wuce Bukkuyum wurin ƙanwata, na zaga ƙasar nan tas ina kwance, kaina a kan hannuna. Idan aka kashe injin sai in tsinci kaina a gida, tukunya na tafasa.

A haka na koyi muryoyinsa ba da niyya ba. Mai lafiya yana hawa sumul, ba gargada. Wanda iska ke zurarewa ta wani wuri yana da wani huci a ƙarƙashin fiton, irin na ɗigon ruwa a kasko mai zafi. Wanda ya tsufa kuwa fitonsa kuka ne, yana rawa yana karyewa, har sai na ji tausayinsa. Ban gaya wa kowa na san wannan ba. Wa zan gaya wa, a ce me?

Direbobin da ke ɗauko duwatsun zinariya su ne suka fi ba shi wahala. Kaya ya fi ƙarfin mota, su kuwa sauri suke yi. Ina jin su ta katanga: "Oga, buɗe mata mai, dutse muka ɗauka ba auduga ba." Shi kuma ya hau su da faɗa, ya ce man da bai tarar da iska ba wuta ce kawai a cikin ciki. Wasu su yi fushi su tafi wani wuri a buɗe musu, bayan wata biyu a jawo motar da igiya a ajiye a ƙofarmu. Ranar nan maigida yakan shigo yana taku ɗai-ɗai, ya ci tuwo har da ƙari.

A shekarun nan ne kuma aka yi ta kiransa ƙauyukan wajen Dareta da Sunke gyaran injinan niƙa dutse. Yakan yi kwana biyu, uku, kansa a jikin ƙarfe mai ƙara tun safe har yamma. Ya dawo yana girgiza kai, ya ce ƙudan zuma sun shige masa kunne. Da yara suka yi ta rasuwa a can, aka gano ƙurar dutsen guba ce, ya daina zuwa. Tufafin da yake tafiya da su ma sai da ya ƙone su a bayan gari. Allah Ya tsare mana namu yaran, kuma har yau ina tuna iyayen da nasu suka tafi. Amma ƙudan zuman nan ba su fita ba.

Ƙananan sautuka suka fara barinsa. Kukan 'yan tsaki ya tafi. Autarmu ta kira shi daga ɗaki sau uku bai waiwayo ba, ta fito tana kumbure-kumbure ta ce Baba ya daina sonta. Rediyo ya yi ta ƙara murya har maƙwabta suka huta da sayen batir. Tsawa yana ji, ganga yana ji, muryar maza yana ji idan suna fuskantarsa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mutumin da duk garin ke kira mai kunne, ta ina za ki fara?

Yana da aboki tun na ƙuruciya, direba, mutumin Adabka, mai ɗauko gero da dawa zuwa kasuwar Gummi. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo. Da kakar wata shekara ya kawo motarsa ya ce ba ta da ƙarfi, ko ɗan tudu ta gani sai ta yi ta roƙo. Ina bakin murhu aka tashe ta. Fiton ya taso, kuma a ƙarƙashinsa ga hucin nan, ɓaro-ɓaro, ko yaro zai ji. Iska na zurarewa. Na tsaya da muciya a hannu ina jiran in ji maigida ya ce a kashe, a duba tiyo. Aka sake taka totur, aka sake. Sai na ji ƙarar akwatin kayan aikinsa, na san sukudireba ya ɗauko. Can sai baƙin hayaƙi ya hayo katanga ya sauka a kan shanyata. Ya ƙara mata mai.

Na san kuskure ne, na kuma yi shiru. Na ce wa kaina wataƙila akwai abin da ya sani wanda ban sani ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro ne ya kama ni, tsoron fuskar da zai yi idan matarsa ta aika a kira shi daga cikin maza don ta gyara masa aiki.

Bayan kwana uku injin ya buga a hanya, mota cike da gero. Da babura aka yi ta kwasar buhunan. Aka jawo ta da igiya aka ajiye a ƙarƙashin dogonyaro, daidai inda ake ajiye motocin masu taurin kai. Mutumin Adabka bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya gaisa, ya ce haka Allah Ya ƙaddara, ya tambayi lafiyar yara. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Bayan azahar maigida ya shigo da wani baƙin tiyo a hannu, ya zauna a kan turmin da na kife. Ya juya tiyon ya nuna mini tsaga a ƙarƙashinsa, tsawon ɗan yatsa. Na ajiye masa abinci bai duba ba.

"Ban ji ba," ya ce. "Wagga tsaga ihu takai, ni kau ban ji ba. Rabona da jin hiton turbo tun bara. Hayaƙi nika kallo ina ƙaddarawa." Sannan ya ce idan ya gama tada motar abokinsa zai rufe garejin ya koma gona, tun kafin a fara nuna shi da baki.

Na san gona ba za ta riƙe shi ba. Mutum ne da ko ranar Sallah sai ya zaga ya taɓa ƙarfe. Idan ya rufe garejin nan, zama zai yi a zaure ya tsufa cikin shekara ɗaya ina kallo. Abin da ya buɗe mini baki ke nan.

Na ce, "Ni na ji."

Ya ɗago. Na matso kusa yadda zai ga bakina, na ce na ji hucin tun tashin farko, kuma na san iska ce ke zurarewa, na kuma san lokacin da ya ɗauko sukudireba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Kin ji kika yi kurum? Tun yaushe ma kika zan bakanike?" Tambaya biyu ya yi mini masu cin karo da juna, kuma duk biyun yana da gaskiya. Kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na yi kuka a madafa, na ce hayaƙi ne.

A rana ta uku aka kawo wata mota. Ina daka gero a gindin katanga, aka tashe ta, aka taka totur. Na tsayar da taɓarya a sama ina saurare. Fiton ya fara tasowa, lafiyayye. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya sauko, na buga sau ɗaya da ƙarfi, har ƙasa ta amsa. Na tsaya. Aka saki totur. Sai aka sake takawa, a hankali wannan karon, kamar mai tambaya. Fiton ya taso, na sake bugawa sau ɗaya. Aka yi haka sau huɗu. Da ya shigo da yamma bai dube ni ba, yana wanke hannu da toka ya ce wa butar, "In da huci, a buga biyu." Na ce wa tukunyata, idan kuka yake yi fa? Ya ce uku.

Maganar da muka yi a kai ke nan, ba mu ƙara ba.

Shekara huɗu ko biyar muka yi a haka. Shi idonsa a kan bututun salansar mota yana kallon hayaƙi, tafin ƙafarsa a ƙasa yana jiran taɓarya, don ya ce ta ƙafa ya fi jin ta. Idan hayaƙi ya ci gaba bayan na buga, ya rage mai. Idan na buga mota ba ta ɗauka ba, ya ƙara kaɗan. Ni kuwa ba a buga turmi wofi, Innata ta hana ni tun ina yarinya, don haka kullum da gero a ciki. Fura ta yi yawa a gidanmu har muna aika wa maƙwabta, matan Fulani masu kawo nono suka san ƙofarmu ba sai an kira su ba. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Wane irin daka na wanga, bugu guda sai ki tsaya awa mai jin kiran salla?" Na ce mata kafaɗa ce ke damuna. Ta kawo mini man shafawa, na karɓa na gode.

Sunansa ya dawo, har ya fi da. Na ji wani direba yana rantsuwa cewa Oga ba ya ko karkata kai wajen inji yanzu, ƙasa kawai yake kallo ya gaya maka ciwon motarka. Na yi dariya ni kaɗai har na zauna. Ina alfahari, ba zan ɓoye ba. Amma tafiye-tafiyen da nake yi a kan tabarma sun ragu, don mai aiki ba ta kishingiɗa. Wani lokaci fiton yakan so ya ɗauke ni, in kai har bakin gulbi, sai in tuna ana jirana, in dawo da gudu in buga. Ranar da na makara yakan shigo ya ce, "Yau ina kika tahi?" In ce Adabka. Ya ce in gaishe su.

Sababbin motoci masu ƙwaƙwalwa sun fara shigowa a lokacin, waɗanda kwamfuta ke auna musu mai. Su ba ya taɓa su, yakan ce a kai Gusau. Tsofaffin dai suna nan, kuma su ne ke bin munanan hanyoyinmu.

Sai ƙanwata ta haihu a Bukkuyum, na tafi suna na yi kwana biyar. Da na dawo na tarar da motar mutumin Adabka a ƙarƙashin dogonyaro, ganye ya zuba a kan gilashinta, alamar ta kwana biyu. Maigida yana zaune a tsakar gida, abin da ba ya yi da rana. Na gaishe shi na tambayi ko lafiya.

"Shekaranjiya ya kawo ta," ya ce. "Na ɗauko sukudireba, sai yac ce in bari, ba sauri shikai ba. Yac ce shi jira har mai taɓarya ta dawo."

Na ajiye ƙunshina na zauna a ƙasa.

"Nac ce mishi wace taɓarya? Yai dariya. Yac ce duk tashar Gummi ba wanda bai sani ba. Wai kahin su kawo mota sai sun aiko mata su bincika ko kina gida. Shekara nawa, ba wanda yat taɓa hwaɗa min." Ya shafa gemunsa. "Ni ina ɓoyo, ke kina ɓoyo, su ma suna ɓoyo. Gari guda muna ta ɓoyon abu guda."

Na kasa gane ko fushi yake yi. Na duba fuskarsa da kyau, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, bakinsa kuma yana son yin dariya. Kunya ce da jin daɗi suka haɗu masa, ni ma haka. Ya tashi ya fita, na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo rungume da wani abu a cikin tsumma, ya ajiye a gabana a kan tabarma, ya buɗe.

"Ga tsuntsunki."

Wani dunƙulen ƙarfe ne mai tsatsa, a naɗe kamar dodon koɗi, ya yi baƙi da mai. Ba fari ba ne, ba shi da baki, ba shi da kyau ko kaɗan. Na leƙa ta ramin na ga 'yar farfela mai siraran fukafukai. Na sa yatsa na taɓa, ta juya ba ƙara, ta daɗe tana juyawa. Na ce aƙalla dai fukafukan ban yi ƙarya ba.

Ya zauna kusa da ni, muna kallonta har ta tsaya. Sannan ya ce, a hankali, ba ya dubana, "Na mance yadda shike. Ina ta nema cikin kaina, ban samu ba. Yi min in ji."

Mace ba ta fito, haka aka tashe mu, kuma rabona da gwadawa tun ina tallar gyaɗa. Na duba ƙofa, ba kowa. Na matsa daf da kunnensa na dama, wanda ya fi dama-dama, na tsuke baki. Da farko iska ce kawai ta fito. Na sake. Sai ga shi, siriri, na ɗauko shi daga ƙasa na hau da shi sumul yadda mai lafiya ke yi, na riƙe shi a sama har numfashina ya ƙare.

Na san bai ji ba. Ko kazar da ke gefenmu ta ɗago kai, shi kuwa fuskarsa ba ta motsa ba sai da iskar bakina ta taɓa masa kunne. A nan ne ya rufe ido.

"Shi na," ya ce. "Iska ta iso."

Ya naɗe ƙarfen a tsumma ya miƙe, ya ce abokinsa ya gaji da jira. Na tashi na auno gero na zuba a turmi.